Cibiyoyin "tafi Amurka da ƙwallo" a Accra: darasin SAT da suke sayarwa ya kai kuɗinsa?

Duk mai bibiyar ƙwallon yara a Nima, Mamobi, Fadama ko Madina ya ga tallar, ko a jikin bango kusa da fili, ko a zauren WhatsApp na iyayen 'yan ƙungiya: hoton yaro sanye da rigar wata jami'ar Amurka, a ƙasa an rubuta makin da ya ci a SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, da manyan lambobi. Masu wannan talla sun yi yawa yanzu a Accra, kuma hajarsu kusan iri ɗaya ce: darasin SAT na 'yan watanni, haɗa bidiyon wasan yaro, yi masa rajista da NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, sai kuma aika wasiƙu ga kociyoyi. Kuɗin a dunƙule ake karɓarsa, dubban sidi, wani wurin ma a dala ake yin ciniki. Wannan sharhi a kan hajar ne gaba ɗayanta, ba a kan ofis guda ba, domin kyawunta da aibinta iri ɗaya ne daga wannan ofis zuwa wancan.

Hukuncinmu tun da wuri: darasin SAT ɗin yana da amfani ga wasu yara, amma an ba shi matsayin da ya fi ƙarfinsa, kuma da tsofaffin labaran jaridun Amurka ake tallata shi. Sashen da ya fi komai muhimmanci, wato takardun makaranta da tarihin wasan yaro, shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A taron da ake kira wa iyaye, yawanci ranar Asabar, akwai abin da ba ya wuce a nuna shi a allo: kanun labarai na Turanci game da 'yan wasa da makinsu. Guda biyu ko uku ne ke yawo, kuma ya kamata uba ya san asalinsu kafin a tsorata shi da su, ko a yaudare shi.

Na farko binciken jaridar Atlanta Journal-Constitution ne na watan Disamba 2008. Jaridar ta tattara bayanai daga jami'o'in gwamnati 54, ta gano cewa matsakaicin makin SAT na 'yan ƙwallon Amurka, irin wadda ake rungumewa a hannu, ya gaza na sauran ɗalibai da maki 220. A Jami'ar Florida tazarar ta kai 346. Aiki ne mai kyau a matsayinsa na aikin jarida, amma mai talla a Accra yakan juya shi ta fuskar da ta yi masa daɗi. Idan yana son cika aji, sai ya ce ka ga, ɗan wasa da ɗan maki kaɗan ma yana shiga, wata uku ya ishe mu. Abin da ba ya faɗa shi ne, babbar tazarar ta wasanni biyu ce masu kawo wa jami'a maƙudan kuɗi, ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando na maza. Su ake sassauta wa sosai a ofishin ɗaukar ɗalibai. Ɗan ƙwallon ƙafa ko ɗan tsere daga Gana ba cikin wannan layin yake ba. Sannan matsakaici ne na ƙungiya gaba ɗaya, ba makin mutum ɗaya ba. Dokar Amurka ta 1974 da ake kira FERPA ta hana makaranta sakin sakamakon ɗalibi da sunansa ba da izini ba, shi ya sa 'yan jarida suke samun alƙaluma a dunƙule kawai, kuma galibi daga jami'o'in gwamnati, waɗanda dokar neman bayanai ta shafa. Jami'o'i masu zaman kansu, inda yaran Gana da yawa ke zuwa, ba sa cikin irin wannan lissafi.

Na biyu rahoton CNN ne na Janairu 2014, wanda Sara Ganim ta rubuta. A ciki Mary Willingham, mai taimaka wa 'yan wasa da karatu a Jami'ar North Carolina, ta ce cikin 'yan wasa 183 da ta duba daga 2004 zuwa 2012, kashi 60 cikin ɗari karatunsu bai wuce na 'yan aji huɗu zuwa takwas ba. Labarin ya karaɗe duniya. Abin da bai karaɗe ba shi ne, a watan Afrilu na shekarar, masana uku da jami'ar ta ɗauko daga waje sun ce gwajin da aka dogara da shi na sanin kalmomi ne, ba a auna matakin karatu da shi. Wannan bai wanke jami'ar ba, domin rahoton Kenneth Wainstein na Oktoba 2014 ya nuna ɗalibai sama da 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun bi ta darussan bogi cikin shekara 18. Amma lambar da ta fi yawo ita ce wadda aka fi jayayya a kanta, kuma ita ake nunawa a allo har yau.

Na uku labarin Jami'ar Memphis ne. A 2009 NCAA ta soke nasarori 38 da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar ta samu a kakar 2007 zuwa 2008, bayan an soke sakamakon SAT na ɗan wasa guda, wanda jaridu suka ce Derrick Rose ne. Wannan labari kam gargaɗinsa yana nan daram. Duk cibiyar da ta raɗa maka cewa tana da wanda zai "taimaka" ranar jarrabawa, tashi ka bar wurin. A shari'ar da ta ɓarke a Maris 2019 kan Rick Singer, mai ba da shawara kan shiga jami'a, iyaye masu kuɗi a Amurka sun shiga gidan yari a kan maguɗin jarrabawa da ƙirƙirar 'yan wasan ƙarya.

Akwai wata matsala da ke tattare da duk tsofaffin kanun: sikelin kansa ya sha canzawa. Lokacin da NCAA ta fara aiki da doka mai lamba 48 a 1986, mafi ƙarancin maki 700 ne. Bayan an sake daidaita sikelin jarrabawar a 1995, wannan matakin ya koma 820. Daga 2005 zuwa 2016 jimillar makin 2400 ce, kafin a dawo da 1600. Wanda ya ɗauko lamba daga jaridar 2010 ya ajiye ta kusa da sakamakon yaron da ya rubuta bana, bai kwatanta komai ba.

Babban abin da yawancin tallan ke tsallakewa shi ne, tun Janairu 2023 NCAA ta cire sharaɗin SAT da takwararta ACT ga sababbin 'yan wasa a rukuni na ɗaya da na biyu, cikin rukunai uku da ta kasa jami'o'inta. Ta fara ɗage shi ne a 2020 saboda korona, daga baya ta soke shi baki ɗaya, bayan shekaru ana ƙorafin cewa ya fi cutar da yaran baƙaƙen fata da na talakawa. Wannan ƙorafi tsoho ne: a Janairu 1989 John Thompson, kocin Georgetown, ya fice daga fili kafin a fara wasa don nuna fushinsa da tsaurara dokar. Saboda haka duk takardar tallar da ta ce sai da SAT NCAA za ta bar yaro ya yi wasa, ko dai mai ita bai sabunta iliminsa ba, ko ya sani ya yi shiru. Wasu har yanzu suna koya wa yara su tura sakamako zuwa lamba 9999, lambar NCAA ta da, alamar littafin da suke aiki da shi ya kwana biyu.

To wa ke buƙatar jarrabawar yanzu? Wanda jami'ar da yake nema ta ce sai da ita. Izinin wasa daban, shiga makaranta daban. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth, Brown da Harvard suka bi baya a 2024, haka Jami'ar Texas da ke Austin. Jami'o'in gwamnati na jihar Florida ba su taɓa cire shi ba. A ɗaya gefen, Jami'ar California ba ta duba sakamakon wajen ɗaukar ɗalibi ko an kawo mata. Wasu makarantun kuma suna amfani da maki wajen ba da tallafin ƙwazon karatu, kuma a nan ne jarrabawar ta fi yi wa ɗan ƙwallon ƙafa rana, domin koci yakan haɗa ɗan abin da yake da shi na wasa da wanda ofishin karatu zai bayar. Cibiyar da ta san aikinta, jerin makarantu take fara fitarwa, sannan a duba ko suna neman SAT. Mafi yawansu a baibai suke yi: a fara karɓar kuɗin aji, makaranta ta zo daga baya.

Shi darasin kansa, ingancinsa ya danganta da abu guda: ko a kan kwamfuta ake yinsa. Tun Maris 2023 SAT a wajen Amurka ta koma ta kwamfuta, a manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar. Awa 2 da minti 14 ce, tambaya 98. Karatu da rubutu tambaya 54 cikin minti 64, lissafi tambaya 44 cikin minti 70, da hutun minti 10 a tsakani. Kowane ɓangare an raba shi gida biyu, kuma ƙoƙarin yaro a kashin farko shi ke yanke ko za a ba shi mai wuya ko mai sauƙi a na biyu. Wanda aka tura mai sauƙin, makinsa yana da iyakar da ba zai wuce ba ko da ya cinye duka. Malamin da ya fahimci haka zai dage kan kada yaro ya yi sakaci da kashin farko. Malamin da ke raba kwafin tsohon littafi mai dogayen nassoshi, yana shirya yaron ne don jarrabawar da aka daina yi. Yanzu gajerun sakin layi ne, kowanne da tambaya ɗaya.

A lissafi ma haka. Akwai na'urar lissafi ta Desmos a cikin manhajar, ana amfani da ita daga farko har ƙarshe. Yaron da ya iya zana layuka biyu a kanta ya ga inda suka haɗu zai gama cikin daƙiƙa talatin abin da ɗan'uwansa zai yi minti uku yana warwarewa a takarda. Yaran da suka yi lissafin zaɓi a sakandare ba sa shan wahala da darussan kansu. Inda suke tuntuɓe shi ne Turancin tambayar da saurin agogo. Ajin da ba ya sa yara su zauna cikakken gwaji a Bluebook, da agogo a kunne, aƙalla sau uku ko huɗu kafin ranar, bai yi aikinsa ba. Ku tuna kuma gwaje-gwajen Bluebook kyauta ne, darussan Khan Academy na SAT ma kyauta ne. Abin da cibiya ke sayar maka a gaskiya shi ne wurin zama mai wuta da intanet, kwamfuta, da wanda zai tsare yaro ya zauna. Ga yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa a cikin zango, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a kan wannan muke ba ajin maki. Sai dai farashin ya yi daidai da abin da ake samu.

Kuɗin jarrabawar dala 68 ne, da ƙarin dala 43 ga mai rubutawa a wajen Amurka, kuma da kati ake biya a shafin College Board. Ku nemi rasidin. Asusun kuma da adireshin imel na yaron za a buɗe shi, lambar sirri tana hannunsa. Cibiyar da ta riƙe asusu ta riƙe sakamako, kuma ranar da kuka saɓa a kan cikon kuɗi za ku gane haka. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya neman aro daga College Board, amma sai ya nema aƙalla kwana 30 kafin jarrabawa. A cikin kwana biyar na ƙarshe ake kammala saitin manhajar a fitar da takardar shiga. A je da kwamfuta cike da caji, da wayar cajin.

Sai batun suna, wanda ya fi damun mutanenmu fiye da kowa. Yaro ɗaya, a fasfo Abdul-Rahman, a takardar WAEC Abdul Rahaman, a takardar haihuwa Abdulrahman, ga sunan uba ya koma gaba a wata takardar, ya dawo baya a wata. Mai tsaron ƙofar jarrabawa sunan da ke takardar shiga yake gwadawa da na shaida, idan suka saɓa yana iya mayar da yaro gida. NCAA da ofishin jakadanci ma za su tsaya a kai. A ɗauki rubutun fasfo harafi da harafi a yi kowace rajista da shi, inda takardar makaranta ta saɓa kuma a yi takardar rantsuwa tun da wuri. Ranar haihuwa ma haka, kuma kowa ya san abin da muke nufi a harkar ƙwallon yara. Shekarun da aka rage don gasar 'yan ƙasa da 17 suna dawowa su tare hanya a nan.

Rajistar NCAA ita ce sashen da muka fi ba cibiyoyin maki kaɗan. Kuɗinta ga ɗalibin waje ya haura dala 150, kuma cike fom ɗin ba wuya. Wahalar tana cikin abin da ake nema. Rukuni na ɗaya yana son darussan tushe 16 da matsakaicin 2.3 a sikelin 4, rukuni na biyu 2.2. Ana neman takardu tun daga shekara ta tara ta karatu, wato a tsarin Gana daga aji uku na JHS, har zuwa sakamakon WASSCE. Yara da yawa takardun sakandare kawai suke kawowa, fayil ɗin ya zauna watanni yana jiran na JHS, makarantar kuwa wataƙila shugabanta ya canza, sai an yi ta zirga-zirga. Darussan tushe su ne Turanci, lissafi, kimiyya, nazarin zamantakewa da makamantansu. Darussan sana'ar hannu, zane-zane da motsa jiki ba sa shiga lissafi. Yaron da ya yi sashen zane ko na fasaha, A1 ɗinsa a can ba zai rufe D7 a lissafi ba. Wannan magana ce da ya kamata a yi wa yaro yana aji ɗaya na sakandare, ba bayan ya gama ba.

Ga inda bin maki ke yin ɓarna ta gaske. A dokar da aka daɗe ana aiki da ita, ɗan ƙwallon ƙafa ko ɗan tsere yana da shekara ɗaya bayan gama sakandare da zai ci gaba da gasa ba tare da asara ba. Bayan ta, kowace shekarar da ya buga gasa mai tsari tana cinye masa kaka ɗaya daga cikin huɗu, kuma ana iya zaunar da shi shekararsa ta farko a jami'a. Gasar rukuni na biyu ta Gana gasa ce mai tsari. Yaro ya gama WASSCE, ya ci 980 a SAT, aka ce ya sake ya kai 1100, ya sake, ya sake, yana kuma buga wa ƙungiyarsa kowane ƙarshen mako. Kafin makin ya kai inda ake so, shekara biyu ta wuce, kocin da ke nemansa ya duba ya ga saura kaka uku ko biyu, ya juya ga wani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dokokin cancanta suna ta sauyawa a 'yan shekarun nan, don haka a karanta na shekarar da ake ciki a shafin NCAA, amma jinkiri bai taɓa zama riba ga ɗan wasa ba.

Tambayoyin tarihin wasa ma ana cika su da gaggawa. Ana tambayar kowace ƙungiya da yaro ya buga wa, wasa nawa, ko ya sa hannu a kwantiragi, ko ya karɓi kuɗin da ya wuce na mota da abinci da masauki, ko yana da yarjejeniya da dillalin 'yan wasa. Takardar da wani manaja ya sa uba ya dangwala wa hannu shekarun baya tana iya zama matsala. A faɗi gaskiya a fom, a kawo takardar a duba. Ɓoyewa ya fi muni, domin sunan yaro yana cikin rajistar hukumar ƙwallon Gana.

Bidiyon ba sai an tsawaita magana a kansa ba. Minti uku zuwa biyar, a fara da mafi kyau, a sa alama a kan yaron kafin kowane motsi, a cire kiɗa, a haɗa da cikakken wasa ɗaya ko biyu. Yawancin cibiyoyin suna yin wannan daidai gwargwado, duk da cewa wanda aka ɗauka da waya daga gefen filin Kawukudi cikin ƙura ba ya nuna tsayuwar ɗan baya. Ga 'yan tsere, lokacin da na'ura ta auna a gasar da aka sani shi ne komai. Lokacin agogon hannu na gasar makarantu, koci ba ya gina tayi a kansa.

Alƙawarin "cikakken tallafi" kuma a karɓe shi da taka-tsantsan. Shekara da shekaru ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza a rukuni na ɗaya kwatankwacin cikakken tallafin mutum 9.9 kawai take da shi da za ta raba wa kusan mutum talatin, a rukuni na biyu 9. Sulhun da aka yi a Yuni 2025 a shari'ar House, wadda 'yan wasa suka shigar kan NCAA, ya cire wannan iyaka ga makarantun da suka shiga tsarin, aka maye ta da iyakar 'yan wasa 28, amma cire iyaka bai zuba kuɗi a asusun koci ba. Rukuni na uku da jami'o'in Ivy, irin su Harvard da Brown, ba sa ba da tallafin wasa sam. Ga kuɗin SEVIS, rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350 da na neman biza dala 185, waɗanda galibi ba sa cikin kuɗin da aka biya cibiya.

Hotunan da ake kafawa a bangon ofisoshin ma abin dubawa ne. Abu Danladi, wanda aka fara zaɓa a zaɓen 'yan wasan MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, na 2017, ta makarantar horar da ƙwallo ta Right to Dream a Gana da wata sakandare a California ya bi kafin jami'ar UCLA. Lalas Abubakar na Kumasi daga Jami'ar Gana ya wuce Dayton. Benjamin Azamati ma daga Jami'ar Gana ya tafi West Texas A&M, makarantar rukuni na biyu, inda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.97 a 2021. Mohammed Kudus na Nima bai bi ta jami'ar Amurka ba kwata-kwata, daga Right to Dream Denmark ya tafi. Hanyoyin suna da yawa, har da kwalejojin shekara biyu da makarantun NAIA, wata hukumar wasannin jami'o'i daban da NCAA, amma cibiyoyi kaɗan ne ke zama su yi wa uba bayaninsu, domin ba su kai rukuni na ɗaya daɗin talla ba.

Abin da bai yi mana daɗi ba ko kaɗan shi ne sa makin yaro da hotonsa a fosta. Abin da jami'a a Amurka ba ta da ikon saki sai da izini, a nan ana liƙa shi a bakin titi. A duba yarjejeniya, a soke wannan layin idan ba a so.

Kafin a tura ko sidi ɗaya ta MoMo, a je ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka a ƙarƙashin gwamnatin ƙasar, akwai a Accra akwai a Kumasi, shawarar farko ba ta buƙatar kuɗi. Daga nan a nemi cibiyar ta rarraba farashinta kashi-kashi a rubuce. Idan makarantun da ke jerin yaro suna neman SAT, a biya na aji kawai, wata biyu zuwa uku, a rubuta sau ɗaya ko biyu tun yana aji biyu ko farkon aji uku na sakandare. Idan ba sa nema, kuɗin ya fi amfani a wurin malamin lissafi da Turanci na WASSCE. Cibiyar da ta ƙi rarraba farashi, ko ta ƙi ba da sunayen makarantun da yaranta suka shiga a shekara biyu da suka wuce tare da adadin tallafin da kowanne ya samu, a bar ta.